Zaren Fatsa a Kwanar Gada

Mai girma shugaban taro, wakilin hukumar kula da kogi, iyayenmu masu fatsa, 'ya'yanmu masu tuƙa ƙananan kwale-kwale, maza da mata da kuka cika ɗakin nan har wasu na tsaye a bakin ƙofa, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ku yi mini uzuri in kun ga ina kai da kawowa, tun ranar Asabar zama wuri guda ya gagare ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban iya fatsa ba, ban iya tuƙi ba. Amma mahaifina mai fatsa ne, ga shi nan a kujerar gaba, 'yata kuma tana tuƙa kwale-kwalen nan na mutum ɗaya. Rigimar da kuke yi a bakin ruwa, ni a falona nake shan ta. Shi ya ce, “Kun kore mana kifi.” Ita ta ce, “Kaka, kifin ne ya gaji da ganin fuskarka.” Mu yi ta dariya.

Ranar Asabar dariya ta ƙare. Tela, wanda duk kun san ya fi kowa cewa a hana yaran nan shiga ruwa, ya kama wani babban kifi a kwanar gada, suna ta ja-in-ja, zare ya miƙe har tsakiyar kogi. Sai ga 'yata ta shawo kwana. Zaren ya sarƙe mata wuya, kwale-kwale ya kife, ƙafafunta na ciki. Jama'a, Tela ya yar da sandarsa, ya saki kifin, ya faɗa ruwa da takalminsa, alhali bai iya iyo sosai ba! Ya cire ta, shi kuma ruwa ya ja shi, sai abokan tuƙinta ne suka kamo shi da filafili.

Da hannuna na wanke mata ciwon. Da Tela ya zo duba ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce, “Wallahi 'yata, ban gan ki ba.” Ta ce, “Ni ma ban ga zaren ba, Baba.”

To, ina ƙiyayyar take? Bai gan ta ba, ba ta gan shi ba, abin ke nan!

Saboda haka ina roƙo. Na farko, ku masu tuƙi, ku ɗaga murya kafin ku shawo kwana, ku yi sallama, ku rage gudu, ku bi ta ɗaya gefen. Mutumin da ya zauna shiru tun safe yana jiran kifi, ba kututture ba ne da za a wuce shi a watsa masa ruwa. Na biyu, ku iyayenmu, in kun ji sallama ku amsa, ku sauke sanda, ku ɗaura ƙyalle mai haske inda kuke zaune. Jifan kwale-kwale da dutse kuwa, Babana, ka gaya wa abokanka ya isa haka.

Hukuma ta ce in muka tashi ba mu daidaita ba, za ta rufe kogin ga kowa. 'Yata kuma ta ce in ba a rufe ba, gobe za ta koma ruwa, da bandeji a wuya. Ban hana ta ba, ba kuma zan hana ta ba. Amma ni uwa ce, ina so in san wanda zai amsa mata sallama a kwanar nan. Don Allah kada kowa ya fita sai an ba ni amsa.

Allah Ya tsare na cikin ruwa da na bakin ruwa, Ya sanyaya zukatanmu, Ya saka wa Tela da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.