Alama ta Shida da Ivor Catchpole Ya Zana

Mai girma Magajin Gari, Rabaran Aldous, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin ruwa da 'yan kwamitinsa, Enid uwargidan marigayi, Hazel 'yarsa, 'yan uwa da abokan arziki, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Kun san ni, Wilfred Mobbs. Na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha biyar, na dawo daga yaƙi da akwatin sufana guda ɗaya, yau wurin gyaran jiragen da ke bakin kogi sunana ne a ƙofarsa. Ban taɓa shakkar tsayawa gaban jama'a ba. Amma tsayuwar yau ta yi mini nauyi.

Ranar Litinin muka sha shayi da Ivor Catchpole. Talata da safe aka tsince shi a gindin tsani cikin rumfata, buroshi a hannu, fenti ko bushewa bai yi ba. Likita ya ce zuciya ce. Shekara hamsin! Mutumin da ke haye tudun coci a keke ba ya ko haki! Har yanzu mun kasa gaskatawa.

Ya kasance mai rubuta allunan shaguna, rabin sunayen da ke babban titin garin nan hannunsa ne. Ya kasance cikin masu fita ceto shekara ashirin, duk ranar da teku ta tashi shi ke fara isa bakin ruwa. Ya kasance, kafin duk wannan, mai riƙe bindigar gaba a jirgin sintirinmu, kuma mai fentinmu. Buroshi muke ce masa.

Al'adar jirginmu ita ce, duk jirgin abokan gaba da muka nutsar, sai Ivor ya zana ɗan baƙin jirgi a jikin ɗakin tuƙi. In mun shigo tasha, mutanen sauran jirage su tsaya suna ƙirgawa. Shida gare mu. Ni a ɗakin inji nake, Baƙin Mai suke kirana, ban ga ko ɗaya da idona ba. Ƙara kawai nake ji. In na hawo sama na ga sabon zane, shi ke nan, na san abin da muka yi. Shekara talatin ina buga ƙirji da shidan nan.

Bara na gano jirgin a wani rafi, kaji na kwana a cikinsa. Na saye shi, na gyara, jibi Asabar za mu mai da shi ruwa. Na ba Ivor tsohon hotonmu na ce ya dawo da alamomin. Ranar Litinin ɗin nan ya zana biyar ya sauko.

Na ce, "Buroshi, ina ta shida? Ƙirga ce ta ɓace maka, ko tsufa ne?"

Ya ce, "Biyar ne, Baƙin Mai."

"Ga hoto nan, makaho! Da hannunka ka zana ta."

"Shi ya sa na san biyar ne."

Raina ya ɓaci. Na ce masa jirgina ne, ya zana ko na kira wani mai fenti daga birnin Ipswich. Ya zubar da sauran shayinsa a ƙasa, ya ce, "To, ranka ya daɗe mai jirgi. Za ka samu ta shida." Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Ya kuwa zana ta. Bayan an ɗauke gawarsa na ɗaga kai na gani. Fara ce, ba baƙa ba. Ɗan jirgi ne da taru a bayansa, ƙarƙashinsa sunaye huɗu: Arie, Teun, Klaas, Leendert. Kaina ya ɗaure. Na nufi wajen Enid, ta ce, "Zauna, Wilf, kafin ka faɗi."

Ta ce wata safiya a 1944, cikin hazo, kusa da gaɓar Holan, wani jirgi ya ɓullo gabanmu. Kyaftin ya ce a buɗe wuta, Ivor ya buɗe. Da hazon ya yaye, ashe masunta ne. Uba da 'ya'yansa biyu da surukinsa, 'yan Holan, mutanen da muka je ceto daga hannun Jamusawa. Kyaftin, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya ce a rubuta na Jamusawa ne, ya sa Ivor ya ɗauko fenti. Ivor yana ɗan shekara goma sha tara a lokacin. Kun tuna duk shekara yakan tsallaka Holan, muna tsokanarsa wai budurwa ya ajiye can? Ƙauyen mutanen nan yake zuwa. Ya tsaya gaban dutsen da aka rubuta sunayensu, ya juyo gida, bai taɓa iya gaya wa kowa ko shi wane ne ba.

Na wuce wajen Percy Gooch, abokin aikinmu a jirgin, ga shi can zaune. Na ce, "Percy, kana sama ranar?" Ya ce yana sama. Na ce, "Shekara talatin kana kallona ina ɗaga kofi ina alfahari da shida?" Ya ce, "Kai ke sayen giyar, Wilf. Wa zai katse ka?" Ban ga laifinka ba, Percy. Ni ma da wuya in saurara.

Jiya 'yan kwamiti suka same ni. Sun ce 'yan jarida za su zo Asabar, a shafe zanen nan kafin ya ɓata sunan Ivor da namu. Na san tsoronku, ni ma shi nake ji. Hazel, 'yata, sai makon nan kika ji wannan labari, na ga yadda kika koma. Mahaifinki bai ragu ba. A cikinmu duka shi kaɗai ya iya faɗa, da buroshinsa. Enid, ke kika ɗauki nauyin nan tare da shi, kina dafa mana shayi muna alfahari a falonki. Ki yafe mana. Na tambaye ki abin da kike so, kika ce, "Aikinsa na ƙarshe ne, a bar masa."

To, ku ji ni da kyau. Jirgina ne, kamar yadda na gaya wa Ivor ina ɗaga hanci. Ba wanda zai taɓa wannan zane. Haka zai shiga ruwa. Litinin kuma zan hau jirgin Holan da kaina, in nemi dangin mutanen nan, in gaya musu abin da Ivor ya kasa furtawa. In sun rufe mini ƙofa, sun yi daidai.

Na gode muku da kuka zo, na gode da kuka saurara har ƙarshe. Ubangiji ya jiƙan Ivor Catchpole, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka. Ya jiƙan Arie da Teun da Klaas da Leendert. Ya ba Enid da Hazel haƙuri. Mu da muka yi ta ƙirgawa ba mu tambaya ba, ya gafarta mana. Amin.