Ɗan Malam Ne Gola

A tashar Dutse, ana jiran motar Kano ta cika, Malam Muhyiddeen mai makarantar allo a Takur ya kasa haƙuri, ya juya ga mutumin da ke gefensa.

"Bawan Allah, ka san harkar ƙwallo?"

"Kaɗan-kaɗan, Malam. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ɗana Fa'izu ne gola a sakandarensu. Tun da suka ci kofi, zaurena ya koma kasuwa. Wannan koci ya ce a kawo shi kwalejinsu a Kano, wancan ya ce Zariya, wai karatu kyauta. Wani har cewa ya yi in rage masa shekaru. Ni da nake hana yara ƙarya!"

"Ka kore su mana."

"Na kora! Uwarsa ta daina yi mini magana, shi kuma ya ƙi cin abinci."

"To me za ka yi a Kanon?"

"Zan duba makwancin ɗaliban kwalejin ne, da ko akwai masallaci kusa. Ba wai na yarda ba."

"Gola dai ai tsayuwa ce kawai."

Malam ya zabura. "Tsayuwa? Fanareti biyu ya kama ranar wasan ƙarshe! Ta biyun da yatsa ya ture ta!"

"Ashe ka je kallo."

Malam ya gyara hula. "Wucewa na zo yi."



"Ni ma na yi gola a Kiyawa," in ji mutumin. "Mahaifina har ya rasu, ko wucewa bai taɓa zuwa yi ba. Ka bar yaron ya tafi, Malam."