Duwatsun Bakin Rijiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban kwamitin masallaci, Alhaji Tie, malaminmu Liman Bai, dattawan unguwa, iyayena mata da suka hayo daga makarantar mata, da sauran jama'a baki ɗaya: ina yi muku sallama, ina kuma ba ku haƙuri. Kun zauna ne a kan gyaran haraba, shayinku yana hucewa, ga mace ta miƙe da maganar gidanta. Ku gafarce ni. Ban taɓa magana a taro ba, shi ya sa na rubuto a takarda. Na gode wa shugaba da ya ba ni dama.

Sunana Suo Guifang, 'yar marigayi mai shagon taliya na bakin gada. Maganata uku ce.

Ta farko, 'yata Lanying. Shekarunta goma sha biyar, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai na mutanen da. Na yi ta neman abin da za ta yi da hannunta, don karatu kaɗai bai ishe ta ba. Na kai ta gidan tarihi na birni. Ta zagaya ta dawo ta ce mini komai a bayan gilashi yake, kamar an je gaida ɗan kurkuku. Na sayo mata abin wasan nan, dunƙulen farar ƙasa da ake tonewa a ciro ɗan sojan yumɓu. Ta juya shi ta ce, "Mama, an rubuta 'yan shekara shida. Ko ke za ki tona in riƙe miki jaka?" Na rasa yadda zan yi. Ashe ta riga ta samo wa kanta aiki a ɗakin kakanta, ni ce ban sani ba.

Ta biyu, laifina. Mahaifina ya rasu a bazarar bana, da yawanku kun yi masa salla, Allah ya saka. Bayan sadakar arba'in na shiga share ɗakinsa, na tarar da wani gwangwani a ƙarƙashin gado, cike da takardu da laima ta ci, ɓera ya taɓa. Kowane shafi da Bismillah a samansa. An koya mana a makaranta cewa takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta a wulaƙance. Sai na yi alwala, na wanke kasko, na ƙona su ɗaya bayan ɗaya, na binne tokar a gindin bishiya. Na ga sunan Allah, ban duba abin da ke ƙasansa ba.

Jama'a, ba addu'o'i ba ne. Tarihin gidanmu ne, da harshenmu, cikin baƙaƙen Larabci, yadda tsofaffi ke rubutu: inda muka fito, wanda ya haifi wane, shekarar da kogi ya cinye unguwa. Yana jinya yana koya wa Lanying karantawa, sun kai shafi na huɗu. Da ta dawo daga makaranta ta ga gwangwanin na wanke na kife, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga mini murya ba. Ta tambaye ni kawai, "Har da na ƙasa, da ba mu kai ba?" Na ce har da su. Tun ranar tana gaishe ni, tana cin abin da na dafa, amma littattafanta na tarihi ta ɗaure su ta tura saman kabad. Wata huɗu ke nan.

Ta uku, roƙona. A shafin nan na huɗu, in ji Lanying, mahaifina ya rubuta cewa sunan kakarsa yana jikin ɗaya daga cikin duwatsu tara na bakin rijiyar masallacin nan, cikin matan da suka ɗebi ruwan gini. Rubutun ya shafe, ido ba ya gani. Amma Baba Mu, da yake zaune can baya, ya iya ɗaukar rubutun dutse: a jiƙa takarda marar kauri, a manna, a bubbuga da buroshi har ta shiga kowane gurbi, in ta sha iska a dangwala tawada da ƙullin tsumma, sai rubutun ya fito fari a kan baƙi. Na je na same shi. Ya nuna mini hannuwansa suna rawa, ya ce, "'Yar Suo, ko cokali ba ya yi mini biyayya. Kawo yarinyar, ni baki, ita hannu."

Na ji ranar Litinin magina za su ciccire duwatsun, in an gama gyara a jera su a bango a rufe da gilashi. Ban ƙi ba, kariya ce. Ina roƙon kwana biyu kafin nan, Asabar da Lahadi, a bar yarinya ta shiga haraba tsakanin salloli. Na san akwai ayoyi a jikin wasu. Za ta shiga da alwala, kanta a rufe, takarda ba za ta taɓa ƙasa ba, ni zan tsaya in riƙe. Rubutun kowane dutse za a ɗauka sau biyu, ɗaya na masallaci, ɗaya na yarinya. Kuma na yi muku alkawari, ni ba zan taɓa ajiyarsu ba. A hannun Liman za su zauna.

Lanying ba ta san na zo nan ba. Na sayi takarda da buroshi na ɓoye a bayan buhun gari, don ba na so in sa mata rai sannan in sake ƙwacewa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda suka ɓace mana. Allah ya albarkaci wannan zama, ya sa a gama gyara lafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Alhaji, in kun yarda ko ba ku yarda ba, don Allah ku aiko mini da amsa kafin Juma'a, in san ko zan fito da buroshin.

Na gode.