Maɓalli a Wayar Suruki

NU'UMAN: Salamu alaikum, wa nake ji ƙasa-ƙasa haka?

GUMSU: Wa alaikumus salam. Yayarka ce, Gumsu. Rage murya.

NU'UMAN: A'a, Yaya ta Guri! Ina wuni? Ya yara, ya maigida?

GUMSU: Lafiya lau. Ya Haɗeja, ya su Inna?

NU'UMAN: Kowa ƙalau. Ya ruwa? An ce ya taɓo bayan gari.

GUMSU: Ya fara janyewa, alhamdulillahi. Nu'umanu, me ka aikata?

NU'UMAN: Cikin wanne? Suna da yawa.

GUMSU: Maganar kifina!

NU'UMAN: Allahu akbar, ya fara aiki ke nan! Yaya, shafin da na buɗe miki a Fesbuk, mai hoton bandar tarwaɗa, jiya na dasa masa maɓalli. Shuɗi, an rubuta "Kira yanzu". Mutum ya ga kifi, yawunsa ya tsinke, ya danna, sai waya ta yi ƙara. Ba kwafar lamba, ba tambaya. Ni da na bar makaranta a aji huɗu! Ina masu digirin?

GUMSU: Wace lamba ka sa?

NU'UMAN: Taki mana. Wannan da kike kirana da ita kullum.

GUMSU: Innalillahi! Tawa ta faɗa ruwa a kwalekwale tun farkon damina. Wannan ta Baba ce, maigida ke aro mini!

NU'UMAN: Wane Baba? Halo? Kina yankewa... Baba Fannami, surukinki?

GUMSU: Kai! A kunnena kake kama sunansa?

NU'UMAN: Hahaha! Wayyo cikina! To, ya yi faɗa?

GUMSU: Ina ma faɗa ya yi. Tun hantsi yake zaune a zaure yana ciniki. Kano, Gusau, har wata mata daga Abuja! Ina bayan katanga ina ji, yana ce musu "kifinmu ba ya jin hayaƙi fiye da kima".

NU'UMAN: Kifinmu!

GUMSU: Wallahi ko sisi bai rage wa kowa ba. Abin da ban taɓa sayarwa ba a kasuwa, shi ya sayar yana kishingiɗe.

NU'UMAN: To ai godiya za ki yi mini! A soya mini ƙarfasa biyu.

GUMSU: Tsaya ka ji. Kwali goma sha biyu ya yi wa mutane alkawari ranar Juma'a. Huɗu gare ni, Nu'umanu. Huɗu!

NU'UMAN: Ki faɗa masa mana.

GUMSU: Ni? Shekara tara a gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Sai yau in tsaya gabansa in ce Baba daina sayar da kifi? Maigida kuma yana kan ruwa sai jibi.

NU'UMAN: Yanzu ya aka yi wayar ta zo hannunki?

GUMSU: Ya tafi azahar ya bar ta a caji. Ka cire lambar nan kafin ya kai ashirin, sunana ne zai ɓaci wajen mutane. Sa ta maƙwabciyata Larai, rubuta: sifili, takwas...

NU'UMAN: Bari in samo biro. Aikin minti ɗaya ne a wajen gwani. Sifili, takwas, sai me?

GUMSU: Sifili... Wayyo, gyaran muryarsa! Ya dawo!

NU'UMAN: Yaya? Ƙarasa lambar! Yaya Gumsu? Halo?

FANNAMI: Wa ke nan? Kwali nawa kake so?

NU'UMAN: Ah... Baba, barka da rana. Nu'umanu ne na Haɗeja, ƙanin...

FANNAMI: Shaƙiyyin nan? Kai ka haɗa abin da ke sa mutane kirana?

NU'UMAN: Ni ne, Baba, amma kuskure aka...

FANNAMI: Allah ya yi maka albarka. Tun da gwiwa ta hana ni shiga jirgi, ba mai nemana sai in an yi rasuwa. Yau har Alhaji aka kira ni sau uku. Kada ka kuskura ka taɓa shi.

NU'UMAN: Baba, kwali huɗu ne fa kawai a gidan.

FANNAMI: Na san ƙirgar kwali tun kafin a haife ka. Masunta nawa na koya wa jefa ragar birgi a garin nan? Kowa zai kawo, yarinyar nan ta yi bandarsa. Ka ce mata ta tanadi itace.

NU'UMAN: Ai tana nan kusa da kai, Baba.

FANNAMI: Ni zan faɗa mata? Ba ka da kunya? Sauka daga layi, ga wani kiran yana shigowa.