Na Yi Ciniki Har da Kwana

Keken mijina marigayi Malam Idi na sayar na yi kuɗin mota, mako guda bayan na fita takaba. Dillalin Ƙofar Ƙwaya ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka, har ya rantse gara ya yi cinikin saniya da ya sake cinikin keke da ni.

Shekarar da soja suka koma bariki ke nan, kowa ya zama Anarabul. Aka ce gidan wani Anarabul a Habuja ana neman mai tuwo. Ke Bilki, da kike ɗokin tafiya aikatau, buɗe kunnenki.

Hajiyar gidan Bakanuwa ce. Na tsaya kan komi: albashi, sabulu, atamfar salla, har man shafawa. Sannan na ce, "Hajiya, kwana fa? Ina samun kwana?"

"Kwana kam har ki gaji, Baba. Ga bikiyu can, ke kaɗai."

Bikiyu wai ɗakin 'yan aiki. Ku kun sani, mu nan Katsina kwana shi ne barci. Ita ashe wurin shimfiɗa tabarma ta ji!

Gidan ɗan siyasa bai san rana ta faɗi ba. In kwashe tuwo, in wanke tukwane, in kishingiɗa, sai ƙararrawa: 'yan mitin sun iso. Su tafi, sai wasu wai dalageshan, mutum ashirin, kowa da cikinsa. Asuba kuma kunun 'yan makaranta. Wata huɗu haka.

Kaina ya riƙa sarawa kamar ana daka a ciki. Ƙirji na bugu. Ni da tun ina budurwa ban taɓa ƙona tuwo ba, na zuba sukari a miyar kuka. In ta da salla in rasa raka'a ta nawa nike. Rannan na ga Malam Idi tsaye bakin firiza, har na tambaye shi ko ya ci abinci. Kukun gidan ya ji ni, ya kai rahoto.

Na tarar da Hajiya. "Kin ce ina samun kwana!"

"To a titi kike kwana?"

"Barci nike nufi, baiwar Allah! Jakin mai itace ma ana sauke mashi kaya!"

"Kin ga irin ta ko? Da ba kya ɗaga murya. Ko sitires ne, ko iska ta taɓa ki. In malam bai iya ba, asibitin masu taɓin hankali za a kai ki."

Ni! A ji a Katsina matar Malam Idi ta je ci-rani ta haukace? Wa zai auri ɗiyata?

Aka kira malami, dattijo, Allah ya saka mashi. Aka zaunar da ni kan darduma, ya fara karatu a hankali. Wata huɗu ba wanda ya ce mani zauna. Kafin ya kai ƙarshen sura na bingire. Kuku ya ce minsharina har bakin get, Hajiya tana ta ja da baya wai aljanin ne ke gurnani.

Sai washegari da la'asar na farka, garau, ga yunwa. Malamin ashe ya hana a tashe ni. Ya ce, "Hajiya, aljanin nan ku kuka sa mata shi. Sunansa rashin barci."

Hajiya ta ce za ta ƙara albashi. Na ce albarka. Ta ƙara. Na ce, "Daga isha'i zuwa asuba nawa ne, ko Shugaban Ƙasa ne ya zo, sai dai ya sha ruwa." Ta ce ba a haka a Habuja. Na ɗaure ƙullina.

Na dawo da atamfa ɗaya, da hawan jinin da har yau nike shan maganinsa, da hankalina cif. Keken kam ya tafi.

To Bilki, in kin je, ki yi cinikin barci kafin na albashi, kuma ki faɗe shi da Hausarsu. Yanzu ku tashi ku ba ni wuri, azahar ta wuce. Wanda ya buga mani ƙofa kafin la'asar, shi zai ga aljani.