Mai Alkakin da Ba Ta Ɗanɗanawa

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ce Hajara mai alkaki daga Haɗejiya.

Shekaru na yi ina fama da gudawa da rama, sai likita Bature ya ce alkama ce cikina ba ya so. Na koma gero da shinkafar fadama, jikina ya dawo. Kwanan baya ciwon ya sake tashi, ashe ƙanwata ce ta daka mini gero a turmin alkama. Yanzu turmina daban.

Da la'asar nakan zauna bakin kogi, alkama tana rausaya, har in ji zaƙin alkaki a bakina.

Jama'a, ku ba ni shawara: amare suna jiran alkakina, yaya zan san ya yi daɗi ban ɗanɗana ba?