Biyar ɗin da Ta Zama Sifili

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiyarmu ta mazauna unguwar Gubaira a nan ƙasar Larabawa, Alhaji Bashari. Sakatare, Malam Saifuddeen. Malamanmu da likitocinmu. Iyayena da ƙannena, maza da mata. Ku gafarce ni da na tsaya gabanku, ni da ban saba ɗaga murya ba. Na gode da aka ba ni minti biyar, kuma a kan minti biyar zan yi magana.

Na farko, ku masu motoci ba ku san tashar bas ba sai ta gilashin mota. Akwai allo a can mai nuna mintunan da suka rage bas ta iso. Allon bai yi wa kowa ƙarya ba. Mu ne ba a koya mana karanta shi ba.

Ranar Lahadi maƙwabciyata Jamilatu, mai shara a wani asibiti, ta ɗaga kai ta ga ɗan zagaye kamar ƙwai. A firamaren da ta yi, wannan sifili ne. Ta ce, "Shi ke nan, ta wuce," ta kama hanya a ƙafa cikin tsakar rana. Jama'a, zagayen nan biyar ne a lambar Larabci. Bas ɗin ta wuce ta a titi, Jamilatu na ɗaga mata hannu. Makararta ta uku ke nan. Mudir, wato shugabanta a wurin aiki, ya ce, "Marra tanya, khalas." In ta sake, aiki ya tafi, in aiki ya tafi, iƙama, takardar izinin zama, ta bi shi.

Na biyu, ni ban yi boko ba, amma lambobin nan tun ina yarinya na san su a shafukan Alƙur'ani. Sau uku na rubuto ina roƙon makullin ɗakin ƙungiya, awa ɗaya ranar Juma'a bayan la'asar, in koya wa mata. Nazira nas ta ce za ta nuna musu yadda ake duba bas a waya. Ɗakin da ake buɗewa don kallon ƙwallo! Amsa ba ta zo ba. A bakin mata na ji wai an ce, "Mai karatun allo, me ta sani game da na'ura?" Ban ji da kunnena ba, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma ranka ya daɗe, wancan ma ai allo ne.

Allah Ya tsare mana sana'o'inmu, Ya rufa mana asiri a ƙasar mutane, Ya mai da kowa gida lafiya.

Alhaji, don Allah a ba ni amsa kafin Juma'a, e ko a'a. Gobe ma Jamilatu za ta tsaya a ƙarƙashin allon nan.

Na gode.